Abin da Mma Sanatu ta kawo rumfar maza

Ranar Babbar Sallar da ta wuce, ina kishingiɗe a zaure bayan an ci an sha, na ji Mariama tana ba mijinta labarin ranar sunanta. Ba ta ga abin ɓoyewa ba, don labarin ya daɗe da zama abin dariyar gidanmu. Ta ce wai kakarta, Mma Sanatu, ta ratso rumfar maza da kofin ruwa a hannu, ta sa Baba ya wangale baki a gaban liman, ta leƙa ciki kamar mai sayen akuya. Yayanta Awudu ya karɓe ya ce ai tun daga lokacin tsufa ya fara taɓa ta. Ku 'ya'yana kuka yi ta dariya, ni ma na yi ɗan murmushin da na saba yi duk sanda aka ɗauko zancen. Amma ban sake taɓa ragowar naman ranar ba. Kakarku ba ta ruɗe ba. A ranar nan babu mai cikakken hankali a duk unguwarmu ta Bulpiela kamarta, kuma maganar tsufan da kuke maimaitawa daga bakina ta fara fitowa. Ina so ku san abin da ke cikin tafin hannunta, da dalilin da ya sa ta kawo shi inda ta kawo shi.

Sai kun fara sanin yadda nake da ita kafin shekarar da aka haifi Mariama. Ku 'ya'yan yanzu kuna zama da surukanku kuna cin shinkafa a faranti ɗaya kuna kallon waya, ba za ku gane ba. Tun da na auri mahaifiyarku Rakiya, Mma Sanatu ba ta taɓa ganin haƙorina a kan abinci ba, ko ruwa ba ta taɓa ganin na kurɓa ba. In na je gaishe ta a gidanta a Sagnarigu, tun daga bakin ƙofa nake cire takalmi, in tsuguna nesa, idona a ƙasa, in yi mata ina kwana da yarensu, “Dasiba, Mma,” ta amsa “Naa” tana kallon bango. In na hango ta a kasuwa ta nufo layin mahauta, sai in bar wa maƙwabcina teburin nama in ɓuya bayan rumfa har ta wuce. Duk Juma'a nakan aika mata da hanta, ita kuma ta aiko mini da daddawa, ba wanda ya taɓa cewa wani ya gode. 'Yar Dagomba ce, ni Bahaushen zango, amma a kan kunyar suruki al'adunmu ba su saɓa ba. Hausarta kuwa irin ta kasuwa ce, babu mace a cikinta, kowa “shi” ne, har 'yarta. Nakan tsokani mahaifiyarku da wannan, in ce ashe namiji na aura ban sani ba.

Wani bijimi ne ya matse ni da bango a mayanka, ya bar mini ciwon baya. Mahauci kuwa da bayansa yake cin abinci: shi zai ɗauki cinyar sa, shi zai tsaya yana saran ƙashi daga safe har la'asar. Danlami, wanda teburinsa ke kusa da nawa, ya ga ina aiki ina cije leɓe, ya miƙo mini ƙwayar tiramol ya ce in jefa a shayi. Ba mugunta ta sa shi ba, shi ma da ita yake tsayuwa. Ranar na yi aikin mutum biyu, na dawo gida ina wasa da ku. Ba zan ja muku labarin yadda ɗaya ta koma biyu ba, kun ga irinsa a samarin unguwa. Abin da zan faɗa shi ne bayan ya daina ciwo sosai, amma ni ban daina ba. In ban sha ba sai hamma da majina da ciwon gaɓoɓi, sai faɗa da kowa. Mahaifiyarku ta kai ni wurin malami na sha rubutu, na dafa Alƙur'ani na yi alkawari, kuma Allah ya sani da zuciya ɗaya na yi. Na daina, na koma. Na sake dainawa, na sake komawa. Ƙarshenta wata safiya na faɗi a gaban teburina ina shure-shure, bakina yana kumfa, wuƙa a hannuna, wata mata da goyo tana tsaye tana jiran naman miya. Allah ya tsare ban yanki kowa ba sai tafin hannuna. Sarkin Fawa ya ɗauke wuƙata ya ce ba zan sake tsayawa a layin ba sai likita ya ce na warke.

Na yi kwanaki a asibiti jikina yana wanke kansa, kwanakin da ba na fatan su ko ga maƙiyi. Da na dawo hayyacina likita ya zaunar da ni. Ya ce dainawa ba ita ce matsalata ba, tun da na daina har sau biyu, komawar ce. Ya ce akwai magani, sunansa naltarekson, ana shan sa kowace safiya bayan jiki ya rabu da tiramol sarai. Ba ya bugarwa, ba ya sa maye. Aikinsa ya toshe inda daɗin ke shiga, ko mutum ya sha tiramol ba zai ji abin da yake nema ba, har zuciya ta gaji ta haƙura. Ya kuma ja mini kunne: in na bar maganin na koma shan yawan da na saba, jikina ya riga ya manta, zai iya zama ajalina. Sai ya haɗa ni da wata nas da za mu riƙa zuwa wurinta ana duba ni ana tattaunawa, ya ce a samu wani a gida da zai riƙa ba ni da hannunsa, ya ga na haɗiye.

Mahaifiyarku aka fara ɗorawa, tana da cikin Mariama lokacin. Ba a yi nisa ba na gano cewa in na ɗaure fuska ba ta iya cewa in buɗe baki. Sai in danne ƙwayar a ƙarƙashin harshe, in fita in tofar bayan gida. Ba wai na yi niyyar komawa ba ne, haka nake gaya wa kaina. So nake dai ƙofar ta zama a buɗe. Mahaifiyarku ce ta tsinci ƙwayoyin a gindin bango tana shara. Da muka koma asibiti ta zube su a kan teburin nas. Nas ta dube ni ta dubi cikin mahaifiyarku.

“Baba Sule, matarka na tsoronka sosai paa,” in ji ta. “Wa ke nan a danginku wanda kai kake tsoro? Wanda ba za ka iya yi ma ƙarya ba ko kaɗan, koraa?”

Na shiga lissafin mazan danginmu, duk na san yadda zan bi da su. Sai mahaifiyarku ta ce, a hankali, ba ta kalle ni ba:

“Mma.”

Na ce ba zai yiwu ba. Na ce gara a ɗaure ni a asibitin. Abin da ban sani ba shi ne Mma Sanatu ta riga ta aiko cewa za ta zo ta tafi da 'yarta da jikokinta Sagnarigu, don ba za ta bari a haihu a gidan da maigida ke faɗuwa da wuƙa a hannu ba. Mahaifiyarku ce ta roƙe ta, ta ce maimakon ta kwashe su, ta zo ta zauna. Tsohuwar ta je asibiti da ƙafarta, nas ta yi mata bayani da Dagombanci, ta dawo da ƙullin kayanta a bayan keken haya mai ƙafa uku, yalo-yalo. Sharaɗinta ɗaya, ta bakin 'yarta ta aiko mini da shi ko da yake muna tsakar gida ɗaya: ranar da na koma wa tiramol, ranar za ta tafi da su, kuma ba biko.

Safiyar farko na dawo daga masallaci na same ta zaune a kan kujerar tsuguno a ƙofar ɗakinta, da kofin roba shuɗi a gabanta. Na cire takalmi na tsuguna inda na saba, nesa. Ta ce in matso. Na matsa kaɗan. Ta sake cewa in matso, har sai da na ji ƙamshin man kaɗanyar da take shafawa. Ta kwance bakin zanenta ta ciro ƙwayar ta ɗora mini a hannu. Na juya mata baya zan sha.

“A'a. Juyo nan.”

Na juyo. Na sa a baki, na kurɓi ruwa, ina jin ƙarar haɗiyata kamar duk unguwa na ji. Ta ja mayafinta ta rufe rabin fuskarta, ta bar ido ɗaya.

“Buɗe. Ɗaga harshe.”

Ni mai furfura a gemu, uban 'ya'ya, na buɗe baki na ɗaga harshe a gaban matar da ban taɓa yarda ta ga ina tauna goro ba. Da a ce ƙasa ta tsage a lokacin da na gode mata. Sai daga baya na lura ita ma zufa ce ke bin wuyanta, da sanyin safiya. A lokacin kunyata kaɗai nake gani, ban yi tunanin ita ma tata take haɗiyewa ba. Ta ce “To,” ta ɗauke kai. Ta gaya wa bango, ba ni ba:

“Nas ya ce in duba. In ban duba ba, amana ya lalace.”

Haka muka yi ta yi, damina ta shigo ta fita. Ba ta taɓa yi mini wa'azi ba, ba ta taɓa ambatar tiramol da sunanta ba, “wancan” take ce mata. Akwai safiyoyin da na tsane ta, in faɗi gaskiya, musamman in na kwana da ƙaiƙayin abin a raina. Amma ƙaiƙayin ya riƙa raguwa. Aka koya mini motsa baya a asibiti, aka ba ni wani maganin ciwo marar maye, na fara cin tuwo da daɗinsa. Sarkin Fawa ya mayar mini da wuƙata. Shi kaɗai ya san ina shan wani magani. Sauran mutane na ɗauka rubutu ne ya yi aiki, ni kuma na bar su a haka. Abin da ke faruwa a ƙofar ɗakin Mma kafin gari ya waye sosai, mu uku muka san shi.

Sai aka haifi Mariama. Gida ya cika da baƙi, mata daga Sagnarigu da Dabokpa suna kwana a tsakar gida, ba inda za ka tsuguna ido bai gan ka ba. Na ce a raina ai na warke, kuma ba zan buɗe baki a gaban surukata mata suna kallo ba. Sai na riƙa fita sallar asuba in ƙi dawowa, yau neman rago, gobe neman rumfa da kujeru, in shigo sai mutane sun cika ko'ina. Ta aiko mahaifiyarku ta yi mini magana, na ce bayan suna. Kwanaki kaɗan ne, amma sun isa. Maganin ya fita daga jikina, hidima ta tayar da bayan, kuma na san ƙofar ta buɗe. Ana gobe suna Danlami ya zo taya ni fiɗa, ya ga ina dafe ƙugu, ya tura mini wani abu a aljihu a naɗe cikin ganyen goro. Ya ce na ranar biki kawai, don in iya tsayuwa da baƙi. Ban karɓa da hannuna ba, amma ban mayar masa ba. Da safe da na sa babbar rigata, na ɗauke ƙullin daga tsohon aljihu na sa a sabo. Niyyata in an shafa fatiha in zagaya bayan gida.

Liman ya raɗa suna, an raba goro, makaɗa sun fara taɓa ganga. Ina zaune a tsakiyar rumfar maza, liman a damana, Sarkin Fawa a haguna, hannuna a aljihu yana shafa ganyen. Sai na ga kawunan mutane suna juyawa. Mma Sanatu ce ta fito daga cikin gida, ta ratsa tsakanin kujeru, da kofin nan shuɗi. Kun san mace ba ta shiga rumfar maza ranar suna, balle suruka, wadda ko ƙofar gida bai kamata ta leƙo ba. Makaɗa suka sassauta, suka yi shiru. Ta zo ta tsaya a kaina. Ta sunkuyo, ta yi magana yadda ni kaɗai zan ji.

“Ka taɓa wancan?”

“A'a, Mma.”

“Faɗi gaskiya. In ka taɓa, wannan zai kayar da kai nan. Nas ya gaya mini.”

“Wallahi ban taɓa ba tukuna.”

Ban san sanda “tukuna” ta fito ba. Ta ji ta. Ta miƙo mini tafin hannunta a buɗe, ba komai a ciki, ta tsaya. Na ciro ƙullin ganyen na ɗora mata. Duk wanda ya gani ya ɗauka goro na ba ta. Ta soke shi a zane, ta ciro ƙwayarta ta ba ni, ta miƙo kofin. Na sha. Na ɗaga ido ina roƙon ta da shi ta bar sauran. Wannan karon ba ta rufe fuska ba.

“Buɗe.”

Na buɗe, na ɗaga harshe, a gaban liman da mahauta da dangina da suka zo daga nesa. Ta duba, ta ce “To,” ta juya. Ba ta yi taku da yawa ba wani kawuna ya tambaya da ƙarfi wane irin abu ne wannan, ko a Dagomba haka ake yi wa suruki. Duk rumfar ta zuba mini ido. Da na ce magani ne na kar in koma wa tiramol, kuma ni na gudu daga shan sa, da magana ta ƙare a kaina, inda ya dace ta ƙare. Abin da na ce shi ne:

“Ku yi haƙuri da ita, tsufa ne. Maganin hawan jini ne, ta ɗauka ni yaro ne.”

Aka yi dariya, ganga ta tashi. Na ga bayanta ya ɗan tsaya, sannan ta ci gaba da tafiya.

Ku ba ku san matsayinta kafin ranar ba. Ita ake kira in za a wanke amarya, ita ake sawa gaba in mata za su kai kayan aure, in mata da miji sun saɓa ita ake aikawa, don an san ta da sanin ya kamata. Bayan sunan nan kiran ya ɗauke. Wa zai ba da 'yarsa a koya mata kunya wurin matar da ta leƙa bakin surukinta a bainar jama'a? Ƙanenta ya zo takanas ya yi mata faɗa, ya ce ta zubar da mutuncin gidansu a gaban Hausawa. Yaran unguwa suka sa mata “Mma Buɗe”, in ta wuce su wangale baki. Kalma ɗaya daga bakinta za ta wanke ta, ba ta faɗa ba. Ta hana mahaifiyarku ma faɗa, ta ce in kasuwa ta ji mahauci ya kusa komawa, ba mai sake tsayawa a gaban wuƙarsa.

Washegarin suna na same ta a inda take zama, da kofinta. Na tsuguna, na sha, na buɗe, ta duba. Na daɗe ban tashi ba. Na ce, “Mma, maganar jiya…” Ta katse ni.

“Jiya ya wuce. Yarinya yana da uba yau. Gobe ka zo da wuri.”

Ban sake tsallake safiya ko ɗaya ba. Muka ci gaba har likita ya ga lokaci ya yi, ya ce a tsaya da maganin, in dai ci gaba da zuwa ana ganina. Daga ranar rumfar nan zuwa yau tiramol ba ta sake shiga bakina ba. Danlami bai samu mai riƙe masa kofi ba. Kun san kabarinsa, muna wucewa ta gefensa in mun je ziyara. Na sha yin niyyar tsayawa a masallaci in gyara maganar da na yi, kullum sai in ce bari Mariama ta girma, bari Awudu ya yi aure kar surukansa su ji. Ina ta bari har aka kira ni Sagnarigu aka ce Mma ta cika.

Abu ɗaya ne ya fi tsaya mini a rai, kuma ba rumfar ba ce. Safiyar da ta biyo bayan ƙwaya ta ƙarshe, kayanta a ɗaure za ta koma gida, na shigo daga masallaci da ƙosai a hannu, na gutsura ina taunawa. Na saba da ita har na manta. Muka yi kiciɓis a tsakar gida. Matar da ta san kowane haƙori a bakina, ta san wanda ya karye da wanda ya ci goro, sai ta yi sauri ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya ga bango, ta tsaya har na haɗiye. Na cire takalmi na tsuguna nesa na ce, “Dasiba, Mma.” Ta ce wa bango, “Naa.” A safiya ɗaya ta mayar mini da girmana na suruki, cif, kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Nata girman yana hannuna har ta mutu, ban mayar mata ba.

Mariama, in za ki sake ba da labarin sunanki, ki ba da shi har da abin da ke cikin aljihuna.